Baƙin Ciki Ba Ya Bin Babi

Akwai wani irin ƙagaggen labari da duk mai yawan karatu ya taɓa cin karo da shi, ko da wane harshe yake karatu. Gari ne ƙarami, kowa ya san kowa. A babi na farko ko na biyu wani ya mutu, galibi yaro ko matashi, kuma mutuwar ta zo ba zato. Uwar ta ƙi yarda, ta bar ɗakinsa yadda ya bar shi. Wajen shafi na 80 ta fara faɗa da mijinta. A tsakiyar littafin ta kwanta, ta daina yi wa kowa magana. Saura shafi 40 a gama sai a tsinci wata wasiƙa ko a tona wani asiri, ta sha kuka a kafaɗar matar da ta daɗe tana gaba da ita, washegari ta buɗe taga, hasken rana ya shigo. Mai karatu ya share ƙwalla, ya rufe littafi, ya ce lallai marubucin nan ya san zuciyar ɗan Adam.

A ganina bai san ta ba, ko kuma ya sani ya zaɓi abin da ya fi sauƙin rubutawa. Da abin ya tsaya ga daɗin karatu, da na ce kowa da irin son ransa. Amma mutane da yawa a cikin labari suke fara ganin makoki kafin ya shigo gidansu, kuma abin da labari ya nuna musu da shi suke auna maƙwabciyar da aka yi wa rashi. Wata takwas ke nan, me ya sa har yau ba ta dawo daidai ba? Ko kuma: sati uku kacal, ga ta can tana dariya, anya ta damu da shi? Littafin da ya yanka wa baƙin ciki wa'adi ya miƙa wa jama'a mudun ƙarya, kuma a ƙaramin gari, inda ido ke kan kowa, da wannan mudun ake yi wa mutum hukunci kullum.

Matakalar da marubuta ke hawa tana da asali. A 1969 wata likitar ƙwaƙwalwa haifaffiyar Suwizalan da ke aiki a birnin Shikago na Amurka, Elisabeth Kübler-Ross, ta fitar da littafi bayan ta daɗe tana hira da majinyatan da aka shaida musu ciwonsu ba na warkewa ba ne. Ta zayyana halaye biyar da ta gani a tare da su: ƙin yarda, fushi, roƙon a ƙara musu lokaci, karayar zuciya, sai kuma rungumar abin da ya zo. Waɗannan mutane masu jiran tasu mutuwar ne. Daga baya aka ɗauko halayen aka ɗora wa waɗanda aka mutu aka bari, aka kuma jera su ɗaya bayan ɗaya kamar azuzuwan makaranta. Ita kanta a ƙarshen rayuwarta ta bayyana cewa ba a jere suke zuwa ba, kuma ba kowa ke ratsa dukkansu ba. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Marubucin labari ya samu abin da yake nema a ɓagas: farko, tsakiya, ƙarshe, da tauraruwar da take sauyawa a idon mai karatu. Bai ma buƙatar ya zauna ya lura da mutum ko ɗaya.

Waɗanda suka zauna suka lura sun ga wani abu daban. Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan sun bayyana shi a 1999 da cewa kai-komo ne. Mai rashi yakan fuskanci rashin na ɗan lokaci, ya tuna, ya yi kuka, sannan ya juya ga hidimar rayuwa: takardun da za a cike, bashin da za a biya, aikin da mamacin ya saba yi wanda yanzu dole wani ya koya. Sai ya sake komawa. Duk wannan a yini ɗaya yana iya faruwa, kuma hutun da zuciya ke ɗauka a tsakani yana cikin abin da ke tsare ta daga fashewa. George Bonanno na Jami'ar Columbia, wanda ya bi diddigin mutane kafin rashi da bayansa, ya gano cewa hanyar da ta fi yawa ita ce mutum ya ji zafin sosai amma ya ci gaba da tafiyar da rayuwarsa ba tare da ya durƙushe ba. Waɗanda baƙin cikin ke kamawa ya ƙi saki, ya hana su aiki da mu'amala na dogon lokaci, sun kai kamar ɗaya cikin goma na manyan da aka yi wa rashi. Su ma likitoci bakinsu bai zo ɗaya ba a kan lokacin da za a kira abin ciwo: kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ce aƙalla wata shida, na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka da ya fito a shekarar ya ce shekara guda ga manya. In masu wannan sana'a sun saɓa da rabin shekara cur, ban ga inda marubuci ya samu ƙarfin halin warkar da tauraruwarsa daidai shafi na 260 ba.

Wannan yana da amfani kai tsaye ga mai rubutu. Idan littafi ya tara mutum goma da mutuwa ɗaya ta taɓa, bai kamata su tafi da taki ɗaya ba. Ɗaya zai rushe. Biyu ko uku za su yi ta tashi suna faɗuwa. Sauran za su koma bakin aiki cikin kwanaki, zuciyarsu na ciwo, hannunsu na aiki. A nan ne littattafai da yawa ke yin zaluncin da ba a lura da shi. Uban da ya koma aiki da wuri, kusan kullum sai a nuna shi ko dai mai busasshiyar zuciya ne, ko kuma yana danne wani dutse da zai fashe a babi na sha takwas. Mai karatu ya fita da darasin cewa duk wanda bai zube ƙasa ba yana ɓoye wani abu. Mutane nawa aka zarga da rashin ƙauna saboda wannan darasi?

Sannan akwai jiki, wanda marubuta ke mantawa da shi sai wajen hawaye. Bayan gobarar wani gidan rawa a birnin Boston na Amurka a 1942, wadda ta kashe mutum 492, likita Erich Lindemann ya zauna da dangin mamatan da wasu masu rashi, ya rubuta abin da ya gani a 1944. Ya ce abin yana zuwa kamar igiyar ruwa, ya ɗauki minti 20 zuwa awa guda: maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya yi gajere, mutum ya yi ta ajiyar zuciya, ciki ya zama kamar rami, gaɓoɓi su mutu. Sai ya lafa. Jiki magayi. Marubucin da ya san wannan zai sa tauraruwarsa ta tsaya cik a tsakiyar hanya, ta dafa bango minti goma, sannan ta ci gaba da tafiya ta je ta yi abin da ya fito da ita. Zai sa ta karanta layi ɗaya sau huɗu bai shiga ba, ta ɗebo kofuna huɗu alhali mutum uku suka rage a gidan, ta farka ƙarfe uku na dare kullum ba tare da mafarki ba. Wanda bai sani ba zai rubuta cewa "zuciyarta ta tarwatse" sau ashirin a littafi ɗaya.

Wani likita mai suna Dewi Rees ya yi hira da maza da mata 293 da abokan aurensu suka mutu, a wani yanki na karkara a Wales ta ƙasar Birtaniya, ya buga sakamakon a 1971. Kusan rabinsu sun ce sun taɓa jin mamacin yana kusa da su, ko sun ji muryarsa, ko sun gan shi. Yawancinsu ba su taɓa gaya wa kowa ba, kuma yawancinsu sun ce abin yana sanyaya musu rai. Duba yadda littattafai ke yi da wannan. Da zarar matar ta ji takun mijinta a tsakar gida, to ko dai an fara nuna mana ta zautu, ko kuma labarin ya rikiɗe ya zama na fatalwa. Abin da ke faruwa ga kusan rabin mutane an mayar da shi alamar hauka. Ga shi kuwa a cikin binciken akwai labarin da ya fi kyau: mata biyu a layi ɗaya, kowace tana jin nata mijin, kowace tana ɓoye wa 'yar'uwarta don kada a ce.

Wannan "kada a ce" shi ne ya kawo ni kan garin kansa, inda na fi ganin ana yin asara. Marubuci ya zaɓi ƙaramin gari, amma in ka cire sunan garin ka sa babban birni, babu abin da zai sauya a labarin. Mutanen gari sun zama labule kawai: suna zuwa ta'aziyya a babi na uku, suna tsegumi a babi na bakwai, suna taruwa a ƙarshe don a yafi juna. To me ya sa aka kai mu can?

Abin da ya raba ƙaramin wuri da babba shi ne kowane mutum yana sanye da riga fiye da ɗaya. A ce mota ce ta kashe yaron: direban ƙanen malamar da ta koyar da yaron ne. Ma'aikaciyar jinyar da ta makara wajen zuwa, ita ce ta karɓi haihuwarsa shekara tara baya. Jami'in da zai rubuta rahoto yana haya a gidan kawun direban. Makaranta ɗaya ce, asibiti ɗaya, hanya ɗaya, kuma hanyar nan ta bi ta wurin da abin ya faru, uwar za ta ratsa ta sau biyu a rana har ƙarshen rayuwarta. A birni mai rashi yana iya shiga cikin taron da ba wanda ya san shi ya huta na awa ɗaya. A nan babu wannan hutun. Duk fuskar da ya gani ta sani, kuma ta shirya irin kallon da za ta yi masa tun daga nesa. Masanin halayyar ɗan Adam Robin Dunbar ya ƙiyasta cewa mutum yana iya riƙe alaƙa mai ɗorewa da mutane kamar 150. A garin da bai wuce mutum dubu ɗaya ko biyu ba, 150 ɗin kowa sun shiga cikin na kowa, don haka wanda zai rarrashe ka shi ma yana cikin makokin, ko kuma yana da dangi a ɓangaren da kake zargi.

Tarihi ya nuna mana yadda hakan ke kasancewa. Ranar 21 ga Oktoba 1966, tulin sharar ma'adinin kwal ya zamo daga kan tudu ya rufta wa makarantar firamare a ƙauyen Aberfan na Wales, ya kashe yara 116 da manya 28. Yaran da suka tsira sun ba da labari bayan sun girma cewa sun daɗe ba sa fita wasa a waje, saboda iyayen da suka rasa nasu ba sa iya jure ganinsu. Ka tsaya ka dubi wannan. Yaro ɗan shekara takwas ya zama abin da ke fama wa maƙwabta ciwo don kawai yana raye, uwarsa kuma ba ta da damar nuna farin cikinta a fili. Kuɗin taimako da suka zubo daga ko'ina a duniya su ma sun zama abin jayayya, har gwamnati ta sa aka ɗebi fam 150,000 daga asusun don kwashe sauran tulin sharar, kuɗin da ba a mayar ba sai 1997. A Amurka kuwa, a Fabrairun 1972 madatsar ruwan wani kamfanin kwal ta ɓalle a kwarin Buffalo Creek, mutum 125 suka mutu, dubbai suka rasa muhalli. Masanin zamantakewa Kai Erikson da ya je ya zauna da su ya lura cewa an zuba waɗanda suka tsira a sansanonin wucin gadi ba tare da an duba wa ke maƙwabtaka da wa a da ba. Bayan rashin mutane sai ga rashi na biyu: zaman taren da mutum zai jingina da shi ya tashi, shi ma ruwa ya tafi da shi.

Littafin da ya cancanci a ce na ƙaramin gari ne, irin waɗannan abubuwa yake kamawa. Yana sane cewa akwai martaba a cikin makoki, ko da ba wanda ya faɗa. Uwa a sama, sai uba, sai 'yan'uwa. Can ƙasa akwai waɗanda ba a ba su wurin zama ba: abokin da suka yi faɗa da mamacin kwana biyu kafin abin, matar da ya saki, malamin da ya kore shi daga aji ranar, da uwar direban, wadda ɗanta yana raye amma ta rasa shi, ta kuma rasa duk ƙawayenta a dare ɗaya. Wani masanin makoki, Kenneth Doka, ya yi wa irin wannan suna a 1989, baƙin cikin da jama'a ba su amince mutum yana da haƙƙin yi ba. In marubuci ya ba ni babi ɗaya tak daga bakin uwar direban, na san ya fahimci garin da ya gina. In bai ko ambace ta ba, hoton gari kawai ya liƙa a bango.

Ga mai son ya san yadda ake haɗa irin wannan littafi har ya tsaya da ƙafarsa, akwai abubuwan da ake iya ƙirgawa, kuma a nan ra'ayina nake faɗa a matsayin abin da na ga yana aiki. Muryoyin da ke ba da labari, uku zuwa biyar sun isa. Murya ɗaya takan kulle mu a ɗaki ɗaya, garin ya ɓace. In sun haura shida, mai karatu yakan koma duba wa ke magana, zafin ya huce. Mutanen da ke da suna kuma suke dawowa, sha biyu zuwa sha biyar, kuma kowannensu ya zama yana da igiya biyu: ɗaya ta ɗaure shi da mamacin, ɗaya ta ɗaure shi da wani rayayye da zai ci gaba da gani ko yana so ko ba ya so. Duk wanda igiyarsa ɗaya ce, ɗan rakiya ne, a cire shi. Wurare kuma uku ko huɗu, a yi ta komawa gare su, domin mai karatu ya ga yadda benci ɗaya ya sauya ma'ana tsakanin babi na biyu da na sha biyar. Wasu marubutan sukan ba garin baki ɗaya murya, su ce "mun ji", "mun gani", "ba mu ce komai ba". Salo ne mai ƙarfi wajen nuna yadda zance ke yawo, amma yana da tarko: in kowa ne ya yi shiru, to ba wanda ya yi shiru. Dole a wani wuri "mu" ɗin nan ya tsage, wani ya fito da sunansa ya ce ni ne na tsallaka titi don kada mu haɗu.

Lokaci shi ne inda aka fi yin kuskure. Makon farko gida cike yake, kuma marubuta suna son makon farko domin yana da taro da kuka da maganganu. Sukan kashe sulusin littafi a kai. Amma a makon farko mai rashi bai ma gama ji ba, jama'a ce ke ɗauke da shi. A mako na uku ƙafa ta ragu. A wata na uku ba mai zuwa, kowa ya koma harkarsa, an daina ambaton sunan mamacin a gabansa wai don kada a tayar masa da hankali, shi kuwa sunan yake marmarin ji. Tsakanin wata na uku da na goma nan ne littafin yake, kuma nan ne akasari ake tsallakewa da jimla ɗaya: "Haka kwanaki suka yi ta wucewa." Ya kamata kuma labarin ya haura shekara guda, ya kai wata sha uku ko sha huɗu, domin a ga zagayowar ranar, a ga wa ya tuna, wa ya manta, a kuma ga washegarinta, lokacin da mutum ya gane cewa shekara ta biyu ma haka za a yi ta ba shi.

Shi mamacin fa? In ya mutu a shafi na biyar, ba mu san shi ba, kuma ba a jin rashin wanda ba a sani ba. Hanya mai arha ita ce a mayar da shi mala'ika: ga ladabi, ga ƙoƙari, ga murmushi. Hanya mai wuya ita ce a gina shi daga tunanin mutanen da ba su yarda da juna ba. Uwarsa ta san yaro mai kunya, abokinsa ya san mai tsokana, ƙanwarsa ta san wanda yake cin zalinta kuma yanzu ba ta da wanda za ta gaya wa. Sai mutum ya fito a tsakanin saɓanin.

Haka maganganun ta'aziyya. A kowace al'umma akwai kalmomin da aka saba faɗa, kuma ƙananan marubuta suna son yi musu ba'a, su nuna duk mai faɗarsu munafuki ne. Wannan rashin adalci ne. Kalmomin an tanade su ne don ranar da baki ba shi da abin cewa. Aikin marubuci ya nuna wa ya faɗa, a wace rana, yana tsaye ko ya zauna, ina ya sa hannunsa, da kuma ko ya dawo bayan wata biyu. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Sai maganar asiri, wanda ya zama kamar farilla. Wa ya bar ƙofar a buɗe? Wa ya san birkin motar ya lalace? Na san dalilin da ya sa ake sa shi: yana jan mai karatu ya juya shafi. Kuma ban musa cewa neman mai laifi yana cikin makoki ba, musamman a wurin da mai laifin maƙwabci ne. Matsalar tana wajen abin da asirin ke yi wa hankalin mai karatu. Da zarar an dasa shi, tambayar "yaya za su ci gaba da zama tare?" ta koma "wa ya aikata?", kuma tambaya ta biyun tana da amsa. Ana ba da amsar sai a ji kamar an sauke kaya, garin ya wanku, laifi ya tattara a kan mutum ɗaya. A Aberfan kwamitin bincike ya fitar da rahoto a 1967, ya ɗora alhakin a kan hukumar kwal ta ƙasa ƙarara. Ba a gurfanar da kowa ba, kuma sanin mai laifi bai mayar da yaro ko ɗaya aji ba. In dole sai an sa asiri, a tona shi da wuri, a sulusin farko, a bar mutane su yi shafi ɗari biyu suna gaisawa da wanda suka san shi ne. Wannan ya fi kowace wasiƙar da aka ɓoye a akwati tayar da tsigar jiki.

Baƙon da ke zuwa daga birni ya koya wa gari yadda ake kuka, da sabuwar soyayyar da ke sauka daidai lokacin da ake buƙatar magani, waɗannan ba sai na ɓata tawada a kansu ba.

Akwai mai cewa na tsananta. Wanda aka yi wa rashi in ya ɗauki littafi, sauƙi yake nema, me ya sa za a hana shi tagar da aka buɗe da hasken da ya shigo? Kuma labari dole ya ƙare a wani wuri, ba rahoton asibiti ba ne. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ina tambaya: wa wannan ƙarshen ke rarrasa? Mai karatun da bai taɓa rashi ba yana tashi da natsuwar cewa abin yana da iyaka. Wadda take cikin wata na sha huɗu kuwa tana rufe littafin da sabon nauyi, domin matar cikin labari ta warke ita ba ta warke ba, ke nan laifin nata ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ke sanyaya ran mai rashi a littafi shi ne ya ga an rubuta abin da yake jin kunyar faɗa: cewa ya ji haushin ɗan maƙwabta don ya girma, cewa ya yi dariya ranar da bai kamata ba, cewa wani lokaci yana jin sakayau sannan ya tsani kansa.

Kuma ana iya rufe labari ba tare da an rufe ciwon ba. Tun 1996 masu bincike Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman suka tattara shaidar cewa mutane da yawa ba sa yanke alaƙa da mamatansu, suna ci gaba da shawara da su a zuci, suna ajiye musu wuri, kuma hakan bai hana su rayuwa lafiya ba. Don haka abin da zai sauya a ƙarshen littafi ba sai ya zama zuciyar uwar ba. Tsarin zaman garin ne zai sauya: wa ke gaida wa yanzu, wa ya tattara ya bar garin, wace hanya aka daina bi, wane suna aka koma ambata.

A ce shekarar karatu ta zagayo, an kawo sabon yaro ajin, kuma kujera ɗaya ce babu kowa a kai. Malamar, wadda ƙanenta ne ya tuƙa motar, ita za ta yanke ko ya zauna. Yara talatin suna kallonta, kuma ta san kafin azahar labari ya kai gidan uwar. Ta ce ya zauna. Da yamma suka haɗu a hanyar nan guda ɗaya, babu inda ɗayarsu za ta ratse. Uwar ta tsaya, ta tambaye ta sunan yaron.